Wa ya ɓata Jimmy McGill?

Masu karatu, shirin talabijin ɗin nan na Amurka, Better Call Saul, ya ƙare tun 2022 bayan kashi 63, amma gardamarsa tana nan. Reshe ne na Breaking Bad, don haka tun farko ƴan kallo sun san Jimmy McGill zai zama Saul Goodman, lauyan dillalan ƙwaya. Yadda ya lalace suka zauna gani.

Da yawa sun ɗora alhakin bisa wansa Chuck, babban lauya, wanda ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya hana a ɗauke shi lauya a kamfaninsu. Wasu suka ce hali zanen dutse: Jimmy ɗan damfara ne tun ƙuruciya.

A ganinmu, Chuck ya faɗi gaskiya, amma raininsa ya taimaka ta tabbata. Sai dai a ƙarshe Jimmy bai fake da kowa ba. Ya watsar da yarjejeniyar shekara 7 da rabi, ya amsa laifinsa gaban alƙali, aka yanke masa 86.

Maigida da shugaban ma'aikata, a kula: yaron da ya tuba, in aka rufe masa ƙofa, tsohuwar hanya yake komawa.