Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sana'ar Jera Duwatsun Ado

Zuwa ga 'yan'uwana maza da mata masu sana'ar jera duwatsun wuya da jigida da carbi, da 'yan koli masu kawo musu kaya, da maƙeran fari masu ɗora dutse a kan zobe. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ko da yake sana'arku ta bunƙasa a wannan zamani, har ya zama da wuya a shiga unguwa ba a sami mace mai jera duwatsu a ɗakinta ba, kuma kaya suna ta kwararowa daga ƙasar Sin da Indiya da araha irin wadda kakanninmu ba su taɓa gani ba, duk da haka akwai wani ilmi da yake neman ɓacewa daga cikinku, wato sanin asalin abin da ake jerawa. Yau kowane jan abu murjani ne a bakin mai talla, kowane fari mai sheƙi lu'ulu'u ne, alhali sau da yawa mai sayarwar da kansa bai san abin da ke hannunsa ba, yadda aka faɗa masa a kasuwa haka ya faɗa wa mai saye. Nasihata gare ku guda ɗaya ce, sauran duka rassanta ne: ku san kayanku, sa'an nan ku kira kowane da sunansa na gaskiya.

Ku sani sana'ar nan tana da tsohon asali a ƙasarmu. A Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, an sami duwatsun ado fiye da 165,000, na gilashi da na aƙiƙ, waɗanda suka haura shekara dubu a binne. A Ile-Ife, a dajin da ake kira Igbo Olokun, an narka gilashi an yi duwatsu tun wajen ƙarni na 11. Masaga na Bida har gobe suna narka kwalabe suna fitar da ƙarau da duwatsu, kuma sana'o'in hannu irin nasu ne suka sa hukumar UNESCO ta shigar da garin cikin jerin biranen fasaha a 2021. Mutanen Ilori sun shahara da fere jan dutsen nan lantana, wanda fataken Hausawa ne suka riƙa kai musu ɗanyensa a da. Irin waɗannan kaya suna haɗuwa a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma tsohon ɗan koli, idan aka zube masa su gaba ɗaya a kan faifai, yana iya ware dutsen tsakiya daga lantana, ya ware na Bida daga na ƙetare, ya yanka wa kowane kuɗinsa.

Haka kuma kwaikwayo ba yau aka fara shi ba. Tun ƙarni na 19 mutanen garin Idar-Oberstein na ƙasar Jamus suka riƙa sayo dutse daga Barazil, suna rina shi, suna fere shi a kan siffar aƙiƙin Kambai ta Indiya, suna aiko da shi Afirka. Masu gilashin Murano ta Italiya da na Yablonets ta ƙasar Cek su ma sun ƙware wajen yin gilashi mai kama da murjani, sa'an nan da Leo Baekeland ya ƙirƙiro robar nan Bakelite a 1907, sai aka shiga yin manyan duwatsu rawaya da ita ana sayar da su a matsayin kahraman. Ba na ganin laifi ga gilashi ko roba, domin yarinyar da ubanta ba shi da halin murjani ita ma tana da haƙƙin ta yi ado ranar salla, kuma ƙaraun Bida, da yake ba ya da'awar shi wani abu ne ban da ƙarau, bai taɓa jawo wa mai yinsa kunya ba. Laifin yana faruwa ne a lokacin da aka karɓi kuɗin dutse a kan kwalba.

Bari in fara da murjani, tun da shi ne ya fi daraja a wurin iyayenmu mata, kuma Allah Maɗaukakin Sarki ya ambace shi tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman. Murjani ƙashin wata halitta ce ƙarama da take rayuwa a ƙarƙashin teku, mafi kyawunsa daga Bahar Rum yake fitowa, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da Nafoli shi ne cibiyar masu fere shi. Dalilin tsadarsa kuwa shi ne jinkirin girmansa, domin reshensa ba ya ƙara kaurin ko da milimita ɗaya a shekara, don haka duk wanda ya kawo muku manyan ƙwayoyi jajaye wur, masu kai ɗaya, da kuɗin da bai fi na atamfa ba, to, ku tsaya ku bincika. Ku kai ƙwaya ɗaya wurin haske ku duba: murjani na asali yana da siraran layuka a jikinsa bin tsawon reshe, gilashi kuwa yakan nuna ƙwayar iska a ciki, roba kuma takan bar alamar inda aka haɗa ta a maƙera. Ku jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ku shafa a bakin hudar, in audugar ta yi ja, rinanne ne, domin akwai wani farin murjani mai araha da ake rinawa. Ɗigon ruwan lemon tsami yana sa murjani ya yi 'yar kumfa, ba ya sa gilashi, amma wannan gwaji yana cin fuskar dutsen, kuma ƙwanson dodon koɗi shi ma yana yin kumfar, saboda haka kada ku yanke hukunci da shaida ɗaya.

Game da sauran duwatsu, akwai ma'auni da wani masani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, wanda ya jera taurinsu daga 1 zuwa 10, kuma ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace shi. Daimon yana kan 10, yakutu 9, aƙiƙ wajen 7, gilashi da bakin wuƙa wajen 5 da rabi, murjani tsakanin 3 da 4, kahraman kuwa bai wuce 2 da rabi ba. Fa'idar wannan ita ce, wuƙa ba ta karce aƙiƙ na gaskiya, shi kuwa aƙiƙ yana karce kwalba. Haka nan idan kuka zuba murjani da aƙiƙ a gwangwani ɗaya suna gogayya, mai taurin zai cinye fuskar mai taushin. Dutse yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, roba kuwa nan da nan take ɗaukar ɗumin jiki. Kahraman, da yake ƙaron itace ne wanda ya daskare tun zamani mai nisa, kuma mafi yawansa daga gaɓar Tekun Baltik ake samo shi, yana tasowa a kan ruwan da aka cika da gishiri, alhali Bakelite nutsewa take yi, kuma in an taɓa cikin hudarsa da allura mai zafi ƙamshin ƙaro yake bayarwa, ba warin ƙonanniyar roba ba. Lu'ulu'u na gaskiya, ko na teku ne ko na kiwo irin wanda ake yi a Japan da Sin, in aka goga shi a hankali a kan haƙori ana jin ɗan kaushi, na jabu kuwa sumul yake.

Idan kun san wannan duka, sai maganar ta koma ga amana. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa a cikin tarin, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, sai ya tsawata masa a kan ɓoye shi da ya yi, ya kuma barranta daga mai algus. Malaman fiƙihu sun gina hukunci a kan haka, cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Rini aibi ne in ba a faɗa ba, tsagewar da aka cike da kakin zuma aibi ce, ruwan zinari da aka shafa wa tagulla aibi ne in an kira shi zinari. Kuma cewa “haka aka sayar mini” ba ta isa uzuri ga wanda ya mai da abu sana'arsa, domin wanda ya zauna a kasuwa an ɗora masa neman sanin abin da yake sayarwa. Ku tuna da amaryar da aka sa mata jan abin wuya a lefe da sunan murjani, ranar ɗaurin aure zafi ya taso, gumi ya narka rinin ya ɓata mata wuyan riga a gaban dangin miji. Wannan kunyar ba ta tsaya a kanta ba, za ta bi sawu har ƙofar wanda ya jera shi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai kuma ƙarfen da kuke haɗawa da duwatsu, wato maƙulli da ƙugiyar 'yan kunne da sarƙa. Azurfa mai kyau tana ɗauke da lamba 925, tsohuwar dalar Mariya Tereza mai shekarar 1780 da maƙeranmu suka saba narkawa kuwa 833 ce. Zinari mai karat 21 lambarsa 875, mai karat 18 kuma 750. Amma lamba abu ce da kowa yake iya bugawa, saboda haka ku riƙe dillali ɗaya amintacce ya fi ku bi araha rumfa rumfa. Ƙarfe mai nikel yana sa kunnen mata da yawa ƙaiƙayi da ruwa, abin da ya fi wannan hatsari kuwa shi ne dalma, wadda ake samu a cikin wasu ƙarafa masu arha da wasu fenti. Ba mu manta da musibar Zamfara ta 2010 ba, lokacin da ƙurar dutsen zinari mai dalma ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Jariri duk abin da aka ɗaura masa a hannu bakinsa zai kai, don haka abin da za ku jera wa yaro ƙarami kada ku sa masa ƙarfen da ba ku san asalinsa ba, ko dutsen da fentinsa yake ɓarewa, ko zaren da zai tsinke ƙwaya ta faɗa masa a maƙogwaro.

Zare shi ne abin da ba a gani, kuma a kansa ake gane gwani. Aƙiƙ da gilashi sukan zo da huda mai kaifin baki wadda take cin zare a hankali, sai a goge bakin kafin a zura, a kuma ninka zaren. Murjani da lu'ulu'u sun fi son alharini, da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, domin kada su gogi juna, kuma in ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Ku gaya wa mai saye ta sa turarenta da humrarta tukuna, su bushe, sa'an nan ta ɗaura abin wuyan, ta kuma goge shi da ƙyalle mai laushi in ta cire, saboda turare da gumi suna dusashe hasken murjani da lu'ulu'u. Idan kuwa wata dattijuwa ta kawo muku murjanin da ta gada wurin mahaifiyarta don a sake masa zare, ku shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai, ku ƙirga ƙwayoyin a gabanta da babbar murya, ku yanke tsohon zaren ba tare da kun rikita jerinsu ba, babba a tsakiya, ƙanana suna bi dama da hagu kamar yadda ta saba gani, in akwai mai tsaga ku nuna mata tun kafin ku taɓa shi, sa'an nan in kun gama ku sake ƙirgawa tana kallo. Wadda aka yi wa haka, ita za ta kawo muku 'ya'yanta da jikokinta.

Daga ƙarshe ina roƙonku ku waiwayi abin da ke kusa da ku. Allah ya azurta ƙasarmu da shuɗin yakutu a tsaunin Mambila, da zumurrudu a yankin Nasarawa Eggon, da wasu duwatsu masu daraja a tsaunukan Jos, amma galibinsu ɗanyu ake fita da su zuwa Bankok da Jaifur, a fere su a can, riba mai tsoka ta zauna a can. Matashin da ya koyi fere dutse da huda shi ya buɗe wa kansa da garinsa ƙofar arziki. Ku riƙa sayen na Bida, da na mutanen Krobo da ake kaiwa kasuwar Koforidua ta Gana ranar Alhamis, ku gaya wa mai saye inda aka yi su. Almajiran da kuke koya wa sana'a kuma, kafin ku ba su allura, ku zube musu dutse da gilashi da roba a gabansu, su taɓa, su auna a hannu, su kira sunan kowane har ya zauna musu, domin wanda ya koyi jerawa bai koyi ganewa ba, rabin sana'a aka ba shi.

Allah ya ba ku kasuwa mai albarka, ya tsare ku daga cin haram a sane ko a rashin sani, ya sa 'ya'yanku su gaji sana'ar tare da amanarta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwanku mai ƙaunar sana'arku.