Duniya Makaranta: Fitsarin Barewa a Cikin Kwalba

Duk maharbin da ya san aikinsa ya san barewa da hanci take tsare ranta. Shi ya sa maharbin ƙasar Hausa kan ɗebi ƙura ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa, kana ya zagayo ta inda warinsa ba zai kai wa dabba ba.

To, maharban Amurka sun ƙara wata dabara a kan wannan. A can akwai gonaki inda ake kiwon barewa irin mai ƙaho da rassa, ana tara fitsarin matan a lokacin da suke neman barbara, a ɗura a kwalabe a kai kantuna. Idan watan Nuwamba ya kama, watau lokacin barbararsu, sai maharbi ya yayyafa shi a gindin itace ya laɓe. Namiji na shaƙar warin sai ya taho, har ya shigo inda harsashi zai same shi.

Amma fa garin neman ƙiba an samo rama. Cikin 1967 aka fara ganin wata cuta a jikin barewar da ake tsare da su a Jihar Kolorado, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Masana sun gano abin da ke haddasa ta yana fita ta miyau da kashi da fitsari, kuma yakan yi shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Ashe ke nan kwalbar da ta fito daga garke mai ciwo tana iya kai cutar dajin da bai taɓa saninta ba.

Saboda haka cikin 2015 jihohin Bajiniya da Bamont suka haramta farauta da fitsarin barewa na ainihi, sai dai wanda aka harhaɗa a masana'anta.

Abin lura shi ne, ƙurar da maharbi ke sakewa ba ta barin kome a daji. Wanda kuwa ya zuba abin da bai san asalinsa ba don naman kwana ɗaya, yana iya hana jikokinsa ganin barewa. Allah Ya kyauta.