Ɗan da Ya Faɗi Aibin Uwarsa, Bai Fasa Girmama Ta Ba

Makon jiya wani matashi ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidan Maigida, wayarsa tana rera wata tsohuwar waƙar Turanci. Dattawan da ke zaure suka yamutsa fuska, ɗayansu ya ce kiɗan 'yan iska ne. Mu ma haka muka zata. Da aka kira yaron ya fassara mana abin da ake faɗa, sai zauren ya yi tsit.

Waƙar ita ce “Dear Mama” ta Tupac Shakur, wadda ta fito a 1995 cikin faifansa Me Against the World. Yana kurkuku a jihar New York faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. A Satumban 1996 aka harbe shi a Las Vegas, ya rasu yana ɗan shekara 25. Ba wanke shi muka zo yi ba. Laifin cin zarafin mace ne ya kai shi kurkukun, kuma yana da waƙoƙin da ba ma fatan jikokinmu su ji.

Amma a dubi uwar da ya yi wa waƙar. Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, masu fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1969 tana cikin mutum 21 da aka tuhuma da shirin dasa bama-bamai a New York. Ita ta tsaya ta kare kanta a gaban alƙali, ga ciki, har aka wanke ta a watan Mayun 1971. Bayan wata guda ta haife shi. Daga baya talauci ya yi ta gara su, daga New York zuwa Baltimore, daga can zuwa Kalifoniya, kuma ta faɗa shan hodar iblis, irin wadda ake ƙonawa a zuƙa, wadda ta cinye unguwannin baƙaƙen fata a shekarun 1980.

Ɗanta bai ɓoye wannan ba. Ya ambaci shaye-shayenta, ya ambaci rabuwarsu yana saurayi da rashin uba a gida. Sannan ya tuna gajiyarta in ta dawo aiki da dare, da yadda take haɗa abinci daga ɗan abin da ke akwai, ya ɗora ta a matsayin sarauniya ba tare da ya goge ko ɗaya daga cikin waɗancan ba.

Nan ne waƙar ta taɓa mu. Mu Hausawa ko sunan uwa ba ma kamawa, kuma babu zagin da ya kai nata zafi. Bahaushe zai iya yin dambe a kasuwa don an ambaci mahaifiyarsa. Madalla. Sai dai mu da muke riƙe da littafin sulhu a wannan zauren mun san abin da ba a faɗa a waje. Mun sha rubuta ƙarar tsohuwa wadda ɗanta yake da shago da mota, amma shekara da shekaru bai leƙa ɗakinta ba. In aka matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ta gudu ta bar su suna ƙanana, ko ta yi zaman da bai dace ba bayan an sake ta. Bai taɓa tona mata asiri ba, gaskiya ne. Amma rufin asirin ya zama rufe ƙofa.

A makarantar allo da ta ilimi ba haka aka koya mana ba. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo wurinta alhali ba ta musulunta ba, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. In shirka ba ta soke haƙƙin uwa ba, wane laifi ne zai soke shi?

Ba mu ce matasanmu su ɗauki makirufo su tallata sirrin gida ba. Afeni da bakinta ta bayyana wa duniya halin da ta shiga bayan ta daina shan a 1991. Akwai kuma inda ba mu tare da shi sam: ya yi alfahari da kai mata kuɗin da ya samu a sayar da ƙwaya. Kuɗin haram ba ya tsarkaka don an miƙa shi ga uwa, kuma kowace ƙwayar da ya sayar ɗan wata uwar ne ya sha.

A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa waƙar cikin faifan da ake adanawa don tarihin ƙasar. Afeni ta ga wannan da idonta. Ta rasu a 2016, kusan shekara ashirin bayan ɗanta.

Da yaron ya gama fassara, Maigida bai ce komai game da waƙar ba. Sai ya tambaye shi: “Yaro, yaushe rabonka da gaida tsohuwarka?” Yaron ya ce tun Sallar Layya, ranka ya daɗe, ga shi kuwa unguwa biyu ce tsakaninsu. Dattijon da ya ce kiɗan 'yan iska ne ya ciro kuɗin mai daga aljihunsa ya miƙa masa.