Na'urar binciken mota: mu haɗa kuɗi mu saya

Motocin hannu da muke sarowa daga Kwatano da Lome, yawancinsu kwamfuta ke tafiyar da injinsu. Tun 1996 Amurka ta wajabta sa wa ƙananan motoci wata kafa mai ramuka 16 inda ake jona na'urar gano matsala. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu dizal.

To amma na'urar fa? Ƙarama mai araha lambar matsalar inji kawai take nunawa. Ta ƙwararru, irin Launch ko Autel, daga ɗaruruwan jikuna take har miliyoyin sefa, ga kuɗin sabunta ta kowace shekara. Babban dila da na'urar kamfaninsa yake aiki, kamar Techstream ta Toyota. Makaniken bakin tasha a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ina zai samo wannan kuɗi?

Idan babu na'ura sai lalube: a canza wannan, a canza wancan, mu ke biya, mota tana kwance ranar kasuwar Jibiya ta wuce.

Shawararmu ita ce ƙungiyoyin makanikai da na dillalan motoci su yi adashi, kowace tasha ta mallaki na'ura guda, a horar da matasa biyu su riƙe ta, mai mota ya biya kuɗi kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma kada mu biya kuɗin mota sai an jona ta a gabanmu.