Mu Riƙa Rubuta Baƙin Kaka

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi nisa. Gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran yanka, iskar hunturu kuma ta fara tsage leɓe. A wannan lokaci ne sama ta ke sake baƙi. Shamuwa, wadda ta kawo mana albishir na ruwa wajen Afrilu ko Mayu, ta kwashe 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka. A madadinta ga tsattsewa da agwagin ruwa daga ƙasashen Turai, sun ƙetare hamadar Sahara su yi rani a wurinmu. Wanda ya je fadamun Haɗeja da Nguru, ko Dagona a Jihar Yobe, cikin Nuwamba ko Disamba, zai gan su tuli.

A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye mai sunan Leventis. A 2015 ta fara aikin tattara labari daga masu sa kai a ko'ina cikin Nijeriya, watau wane tsuntsu aka gani, a ina, kuma yaushe. Wani zai ce wannan aikin wanda ba shi da gona ne. A ganina manomi ya fi kowa bukatarsa.

Ku dubi ungulu. Da muna yara ba ka zuwa mahauta ba ka tarar da ita ba. Yanzu fa? A 2015 masana suka sa irin tamu ta gida cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba ta kashe waɗansu, masu neman kanta don magani suka kama waɗansu. Mushen da ta kan share ya koma hannun karnuka da ƙudaje. Ta ragu a kan idonmu, amma ba wanda ya rubuta ranar da ya daina ganinta.

Haka kuma fadama. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja ta ragu. Masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu, tsuntsayen ruwa ma haka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na san za a ce, "Malam, janbaki fa?" Gaskiya ne, janbaki abokin gaba ne, wanda ya yini yana kora a gonar dawa ya sani. Amma laifinsa bai shafi kowa ba. Shamuwa da belbela fara da tsutsa su ke ci. Mujiya kuwa, da mu ke jifa muna ce mata mayya, ɓeraye ta ke kwana kamawa a gindin rumbunmu.

Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta yi abu uku.

Na ɗaya, a sayi littafi guda a ba magatakarda. A kowane taro ya rubuta abin da aka gani: ranar zuwan shamuwa da tafiyarta, inda janbaki ke kwana, ungulu nawa aka ƙirga a kasuwa. Tsofaffi su faɗi sunaye, 'yan makaranta su taya rubutu. Bayan 'yan shekaru littafin zai nuna mana ko damina tana jinkiri, kuma mu san inda za mu kai malamin gona tun janbaki bai yi ɓarna ba.

Na biyu, a hana zuba guba a mushe ko a kududdufi.

Na uku, a daina cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. Wutar nan tana cinye ciyawar shanu da mafakar fakara da zabin daji, wani lokaci har da damin dawar maƙwabci.

Kada mu jira baɗi. A taron wannan wata, a buɗe shafin farko.