Guguwar Rana Tana da Lokutanta, Ba Alamar Musiba Ba Ce



Ya 'yan'uwa, tun watan Mayu na 2024, lokacin da guguwar maganaɗisu mai tsanani ta bugi duniya har aka ga jan haske a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba, ɗalibaina ke kawo mini saƙonnin waya masu cewa rana ta fusata, wai duhu na kwana uku yana tafe. Ra'ayina shi ne yaɗa irin wannan saƙo kuskure ne, ko da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Haƙiƙa al'amarin yana da tsari sananne. Tun 1843 wani Bajamushe mai suna Schwabe ya lura cewa baƙaƙen ɗigon da ke fuskar rana suna ƙaruwa su ragu cikin kimanin shekara 11. Zagaye na 25 ya soma ne a Disambar 2019, a Oktobar 2024 kuwa masana a Amurka suka sanar cewa ya shiga ganiyarsa. Ashe guguwar Mayu ba ta zo wa masu lissafi da mamaki ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ko a cikin shekara guda akwai lokutan da ta fi yawa: wajen Maris da Satumba, sa'ad da dare da yini suke daidaita. Russell da McPherron sun yi bayanin dalili a 1973: saboda karkatar duniya, a waɗannan watanni maganaɗisunta yakan fi sauƙin haɗuwa da wanda iskar rana ke ɗauke da shi, sai ƙofa ta buɗe. Guguwar da ta rikita wayoyin tangarahu a 1859 a farkon Satumba ta auku. Wadda ta ɗauke wutar lardin Kwebek na Kanada tsawon awa 9 kuwa, ranar 13 ga Maris 1989 ce. Amma fa rinjaye ne kawai ba doka ba, ga ta Mayu nan shaida.

Wani malami abokina ya ce wannan lissafi yana kama da duba. Ban yarda ba. Ɗan duba yana ɗaura arzikinka da ajalinka a kan taurari. Mai ilmin falaki kuwa yana ƙidaya abin da Allah ya gudanar bisa al'ada, kamar yadda manomi ya san lokacin damina bai yi da'awar sanin gaibu ba. Kuma mun san ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya gyara musu fahimta nan take.

Cutarwar guguwar ta gaske ce, amma a kan na'urori take sauka. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan'adam kusan 40 bayan wata guguwa wadda ba ta ma kai tsananin ta Mayu ba. Injiniyoyin lantarki da matuƙan jirage su ne ya kamata su riƙa bin labarinta. Tsohuwar da aka hana barci da saƙon duhun kwana uku ba ta da abin da za ta yi da shi.