Buhu ya ƙaru, barci ya ragu

Duk taron da aka kira kan noma a jihar Tawa, karatun ɗaya ne: a ƙara yawan amfani, jin daɗi zai biyo baya da ƙafarsa. Mai jawabi ya lissafa tan nawa na albasa aka samu, eka nawa aka farfaɗo, a tafa masa, a watse. Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba, kuma albasar ce ta hana ni yarda.

A shiga kwarin Tarka, wajen Madawa, lokacin sanyi. Babu mai kiran waɗannan mutane ragwaye. Tun asuba mai garka yana bakin rijiya, injin ban ruwa na kuka. Sai dai injin nan mai yake sha, taki da iri ma kuɗi ne, kuma sau da yawa bashi ne daga hannun wanda zai sayi albasar. Watan Maris da Afrilu kowa ya cire tasa a lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Dillali ya zo da buhunsa, a cika shi har a ɗinka masa hula a kai, a biya kuɗin buhu ɗaya. Manyan motoci su nufi Akara da Abijan. Mai hali ya zuba tasa a rudu, rumbun albasa, ya jira damina, lokacin da ta yi tsada. Mai bashi fa? Albasa ruɓewa take yi, mai bin bashi kuma ba ya jiran damina. Shi ya sa shekarar da garka ta fi yin kyau takan zama shekarar da aka fi karya manomi. Ya ninka aiki, ya ninka buhu, barcinsa ya ragu.

Za a ce mini to Keita fa? Ban raina aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ba. An fara shi a 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suke kira El Buhari, da kuɗin Italiya da hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya FAO da PAM. An jera duwatsu a kan fako, an tare ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Haka ma jerin bedin da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Magiya, ƙasar Buza, tun 1975, ya kare hatsi daga iska. Amma a tuna su wa suka ɗauki duwatsun Keita a ka: akasarinsu mata ne, domin mazan yankin sun tafi bida. Har yau da an gama girbi sai gari ya koma na mata da tsofaffi da yara. Rahoto yana da gurbin itace nawa aka dasa. Ba shi da gurbin wata nawa mace ta yi tana riƙe da gida ita kaɗai, ko yaro nawa suka fi sanin muryar ubansu a WhatsApp fiye da fuskarsa.

Na san mai yunwa ba ya dariya. Wanda ya ga yunwar 2005 ba zai yi wasa da cikar rumbu ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa talaka rashin jin daɗinsa daga ƙarancin ƙoƙarinsa ne, alhali ma'auni da farashi da mota duk suna hannun wani. Maganar tana yi wa masu ofis daɗi ne saboda ta ɗora laifin a kan mai fartanya.

Wanda yake shakka ya je inda ake lodin albasa a Madawa cikin Afrilu, ya nemi manomin da tarinsa ya fi na kowa tsawo, ya ce masa: Baba, nawa ya rage maka bayan an biya mai da taki? Zai nuna maka dillali da haɓa.